Jan Biro a Kan Taswirar Auta

Litinin, da hantsi

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki da surukarmu. Yaya jikin nata? Yaya kuma sabon angon naki, wanda saboda shi kika tattara kika bar ni yau sati biyu? Ki faɗa masa na samu labarin ba shi da haƙori ko ɗaya, ni kuwa har yanzu ina da saura, don haka kada ya cika baki.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kin dai san kunnen nan nawa: ke ki yi ta magana, ni in yi ta na'am, a rabu ba wanda ya fahimci wani. Takarda kuwa ba ta katsewa. Da ita muka yi shekarun da nake yawon aiki a bakin koguna, ban ga abin da ya same ta yanzu ba. Direban da ke zuwa wajenku ya ce zai riƙa kai miki duk ranar da zai tashi.

Gida lafiya lau. Ina shan maganina a kan lokaci. Na gyara famfon kicin da kika shekara kina yi min mita a kansa, ashe roba ce kawai ta cinye. Shukokinki ina ba su ruwa safe da yamma, guda ɗaya ce ta bushe, ita ma tun kina nan take da niyya.

Yanzu ga babban labari. Littafin nan da Auta ta shekara huɗu tana rubutawa in ta dawo daga koyarwa, wanda muke jin ƙarar na'urarta ta bayan ƙofa, masu buga littattafai sun karɓa. Sun ce ta aika musu da kammalallen rubutu kafin ƙarshen watan nan, tare da taswirar ƙasar da labarin ya faru a cikinta, don za a sa ta a shafin farko. In ta wuce ranar, wani za su sa a gurbinta. Ƙasar dai babu ita a duniya, daga kanta ta ƙirƙiro ta, da duwatsunta da kogunanta da garuruwanta. Shekaranjiya ta shigo falo ta ajiye min rubutun, tuli guda, da taswirar da ta zana da fensir. Ta ce in sake zana mata ita da kyau tunda hannuna ya fi nata tsabta, in na samu lokaci kuma in karanta labarin. Maman yara, daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Rabon da yarinyar nan ta nemi wani abu a wurina wanda ya wuce mukullin mota, har na manta.

Na shimfiɗa taswirar a teburin cin abinci, na danne kusurwoyinta da kofuna. Teku a yamma, fili mai faɗi a gabas, jerin duwatsu ya tsaya a tsakaninsu daga arewa zuwa kudu kamar katanga. A gefen takardar ta zana awaki masu fukafukai, wai su ne abin hawan mutanen ƙasar. Waɗannan ban ce musu komai ba, ba fannina ba ne. Amma da idona ya sauka kan ruwan, sai na ji hannuna yana laluben jan biro da kansa. Shekara talatin da biyar ina auna koguna ina duba zanen ma'aikata, ni na yi ritaya, hannun bai yi ba.

Ta yi wani tafki a kan tudu, koguna biyu suna fita daga cikinsa, ɗaya kudu ɗaya arewa. Tafki kuwa kamar kwano ne, in ya cika ta inda bakinsa ya fi ƙasa yake zuba, da wuya ki ga ya zuba ta wuri biyu. Ta sa dajinta mafi duhu a bayan duwatsu, alhali iskar da ke tasowa daga teku a fuskar da ta fara tararwa take sauke ruwanta, ta isa baya a bushe. Wani kogin kuma yana cikin tafiyarsa a kan tudu sai ya rabu uku, kowanne ya kama gabansa, bayan koguna haɗuwa suke yi in suna gangarawa, sai dab da teku suke rarrabuwa. Duk waɗannan ƙanana ne. Babban shi ne kogin da ta sa wa suna Tsohuwa. Ya taso daga can ƙarshen filin gabas, ya nufi duwatsun kai tsaye, ya ratsa su ta inda suka fi tsayi, ya faɗa teku. Ga hanya sarari a kudu inda duwatsun suka ƙare, bai bi ba. Na zagaye wurin da ja, na rubuta a gefe cewa ruwa ba ya hawa dutse.

Wuri bakwai na yi wa alama, na haɗa da bayani shafi biyu mai lamba-lamba, yadda muke yi a ofis. Yau da safe na miƙa mata kafin ta fita. Ta karanta a tsaye, ta tambaye ni ko na karanta labarin, na ce a gyara tushe tukuna. Ta yi godiya ta fita. Ina ganin ta ji daɗi, don ba ta yi musu ko kaɗan ba.

Ki gaida mutanen gidan baki ɗaya. Ki riƙa hutawa, ba ke kika haihu ba.

Mijinki,
Injiniya

Juma'a, bayan la'asar

Maman yara,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kuna lafiya, surukarmu tana ƙara samun ƙarfi, angon naki kuma ya rage kuka. Nan ma lafiya, sai dai lafiyar da saura.

Ki yi watsi da abin da na rubuta a ƙarshen waccan takardar, cewa Auta ta ji daɗi. Na kwafsa. Kwana uku yarinyar nan tana gaishe ni cikin ladabi kamar baƙon da ya zo kwana biyu, ta ajiye min abinci, ta ɗauki nata ta shige ɗaki. Ƙarar na'urar ma na daina ji. Ni kuwa ina nan ina murna wai tana can tana gyara.

Jiya da ta dawo daga makaranta ta zauna a kujerarki ta yi min bayani a natse, ba fushi ba hawaye, waɗanda da ta yi su da ya fi min sauƙi. Ashe labarin gaba ɗaya a kan kogin nan yake tsaye. Mutanen filin gabas fari ne ya kore su, suka shiga kwale-kwale suka bi Tsohuwa ta cikin tsagar duwatsun suna neman teku, kuma babi ashirin cikin talatin duk a cikin wannan tsagar suke faruwa. In kogin ya zagaya ta kudu yadda na nuna mata da ɗigo-ɗigo, to babu tsaga, babu tafiya, babu littafi. Ta ce ta gwada ta kowace hanya abin ya ƙi, kuma aikin shekara huɗu ba ya sake ginuwa a sati uku. Don haka za ta rubuta wa masu bugawa su ba wani gurbinta.

Na ce haba, ai labari ne, wanda ya yarda da akuya mai tashi sama ba zai tsaya yi wa kogi tambaya ba, ta rubuta kawai cewa wani tsafi ne ya fasa dutsen, shi ke nan. Amsar da ta ba ni ita ce ta hana ni sakat. Ta ce awakin ƙarya ce da ta yi da gangan, mai karatu ya san da ita, sun yi yarjejeniya. Kogin kuwa ta ɗauka gaskiya ne, shi take so mai karatu ya dafa ya ji da ƙarfi. Kuma ba za ta fitar da littafin da masana za su duba su ce 'yar injiniyan ruwa ba ta san inda ruwa yake bi ba.

Kin ga inda matsalar take? Da ɗanki ne, da tuni ya yi min gardama har na gaji na ƙyale shi. Ita kuwa ta yarda da ni. Ko sau ɗaya ba ta ce ƙila Baba ya yi kuskure ba.

Ni dai har yanzu ban ga ƙaryar da na yi ba. Ruwa gangare yake bi, ko ɗalibin shekarar farko ya san wannan. Amma gaskiyar tawa ba ta hana shayi yi min salam a baki yau da safe ba. Abin da na iya samu kawai shi ne alkawarin ba za ta aika musu komai ba sai ranar ƙarshe. Saura kwana goma sha takwas.

Don Allah ki kira ta, ke take ji. Kada ki ce ni na sa ki.

Ki gaida ɗanki da iyalinsa.

Naki,
Injiniya

Alhamis, da safe

Zuwa ga Maman yara,

Ina yi miki sallama da fatan kin tashi lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan. Na ji daɗin jin cewa surukarmu ta fara fitowa tsakar gida. Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarki ta iso ranar Litinin, direban ya miƙo min yana murmushi kamar ya san abin da ke ciki. Shafi huɗu, gaisuwa layi biyu, sauran duk wankin babban bargo. Na karɓa. Inda kika ce an ba ni littafi na tsaya a hoton bango, ya shige ni sosai. Inda kika ce ko katin gayyatar aurenmu sai da na yi wa gyara da jan biro, wannan kin yi ƙari, wuri ɗaya ne kawai. Kin ce ba za ki kira ta ba, ni na ɓata ni zan gyara, kika kuma ba ni umarni biyu: in karanta labarin, in buɗe koren akwatin ƙarfe da ke sito. Na yi duka biyun.

Da akwatin na fara, tunda ya fi sauƙi. Yana ƙarƙashin tsofaffin labulenki. Kundayen aikina ne a ciki, guda goma sha bakwai, waɗanda na ɗauka tuni gara ta yi biki da su. Ɗaya bangonsa ya fi na sauran tsufa, na tashar awon da na yi shekara uku a cikinta lokacin Auta tana ƙananan azuzuwan firamare. Na buɗe shi, ya tsaya da kansa a shafin da na zana kogin wurin. Layin kogin ya lotsa, wani ya yi ta bin sa da fensir har takardar ta kusa hujewa. Ɗan murabba'in da na yi a gefe don nuna ɗakin da nake kwana kuma an cike shi da kalar yara, ruwan ɗorawa. Na ɗauko taswirar Auta na ɗora a kan shafin, na manna su a gilashin taga inda rana ke shigowa. Lanƙwasa uku kafin shiga dutse, gwiwar da ke tsakiya, ɗan tsibirin da ke mafita, duk suka hau kan juna.

Maman yara, kogina ne. Shekara uku kullum safiya ina sauka matakala ɗari biyu da sha biyu in karanta sandar awo, dutse a dama dutse a hagu, rana ba ta leƙo mu sai ta take tsaka. Kogi ne da ya taso daga fili ya ratsa dutse ta tsakiya, ga hanya mai sauƙi a gefe bai bi ba. Kuma na san dalili, an koya mana, ni ma na koyar. Akwai kogin da ya riga dutse zuwa. Yana kwance a filinsa sai ƙasa ta fara tasowa a ƙarƙashinsa a hankali, abin da bai wuce kaurin farce ba a shekara, shi kuma yana zaizaye ta daidai yadda take tasowa. Dutse ya girma dama da hagu, kogi yana nan a kan hanyarsa. Bai taɓa hawa komai ba, dutsen ne ya taso ya same shi.

To me ya rufe min ido? Na zauna a kan akwatin ina tambayar kaina, amsar kuma ba ta yi min daɗi ba. Awakin ne. Tunda na ga fukafukai a gefen takarda na yanke cewa zanen yara ne, na shiga farautar kuskure. Da abokin aiki ne ya kawo min wannan zanen, tambayarsa zan yi wa ya girmi wani tsakanin kogin da dutsen. Da yake 'yata ce, sai na ɗauko biro. Kunya ta rufe ni ni kaɗai a cikin sito.

Daga nan na ɗauki rubutun na fita baranda. Kwana biyu na yi a kansa. Shinkafar da na ɗora ranar Talata ta ƙone ƙurmus, kada ki nemi ƙaramar tukunyarki in kin dawo. Ni da ban taɓa gama littafin da ba shi da lissafi a ciki ba, sai ga ni ina faɗa da mutanen cikin kwale-kwale don sun ƙi jin maganar matuƙiyarsu. Yarinyar nan marubuciya ce ta gaske, ina faɗa miki ne ba don 'yata ce ba. Ta san yadda sanyi yake a gindin dutse da rana tsaka, ta san ƙarar ruwa in hanya ta matse masa, ita da ba ta taɓa zuwa wurin ba.

A babi na tara matuƙiyar, wata dattijuwa mai faɗa kamar wata da na sani, tana gaya wa yara cewa Tsohuwa tana nan tun duwatsun suna rarrafe. Na ajiye takardar. Wannan maganata ce, na rubuto miki ita daga tashar a shekarata ta farko. Ke kike tara su ki karanta musu wasiƙuna da ƙarfi, ko ba haka ba? Ta riƙe maganar ta manta mai ita, ta ɗauka tatsuniya ce ta ƙirƙiro wa mutanenta.

Ban gaya mata ba tukuna. In na faɗa da baki kawai, cewa za ta yi tausayinta na ji, kamar ranar da na ce ta sa tsafi. Sai ta gani da idonta. Ina da dabara, na kuma gano inda kika ɓoye dogon tiyo.

Ki shafa min kan angon naki. Na gode da faɗan.

Mijinki mai laifi,
Injiniya

Lahadi, da yamma

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidan. Ina fatan ƙafar taki ba ta tashi ba da wannan zirga-zirgar. Mu nan lafiya ƙalau, wannan karon kuma ba saura.

Kafin ki ji a bakin maƙwabta, bari in faɗa miki da kaina: tsakar gidanki ya zama bakin kogi. Ranar Juma'a na roƙi maƙwabcinmu ragowar yashin gininsa, na kwaso baro shida. Na jera bulo layi biyu, tsawon taku huɗu, na zuba yashin a tsakani, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu. A tsakiya na haƙa rami na zaunar da jak ɗin mota, na gicciya katako a kansa, na rufe da yashi. Na sa bakin tiyo a can sama, na buɗe famfo kaɗan. Kafin wani lokaci ruwan ya yi wa kansa hanya har ƙasa, ya bi ta kan katakon da ke binne bai san da shi ba.

Jiya Asabar da hantsi na kira ta. Ta fito ta harɗe hannu, ta kalli yashin, ta kalle ni, irin kallon da kike yi min in na ce zan gyara firij da kaina. Na tsuguna na murza jak ɗin da sauri sau goma. Tudu ya taso a tsakiya, ruwan ya tsaya, ya taru ya yi ɗan tafki, sannan ya ɓalle ta gefe ya zagaya. Na ce mata wannan shi ne abin da na rubuta mata. Ta gyaɗa kai ta juya za ta koma ɗaki. Na ce ta dakata, ba a gama ba.

Na sauke jak ɗin, na baje yashin, muka jira ruwan ya sake yin hanyarsa. Sai na miƙa mata marikin, na ce ta murza kwata ɗaya kawai, ta ƙirga ɗari, ta sake murza kwata. Ta tsuguna ba don tana so ba. Da farko ba a ganin komai. Can sai yashin ya fara ɗagowa dama da hagu, ruwan kuma yana kwashe na ƙarƙashinsa ƙwaya-ƙwaya yana wucewa da shi. Mun fi awa ɗaya a haka, rana tana dukanmu, ita tana ta ƙirga. Da tudun ya kai taƙi guda, ga tsaga a tsakiyarsa siririya mai zurfi, ga ruwa yana wucewa ta ciki hankalinsa kwance, sai na ji ta daina ƙirga.

Nan na shiga na ɗauko kundin na buɗe mata shafin. Na ce kogin nan akwai irinsa a duniya, na zauna a bakinsa shekara uku, abin da ta zana daidai ne, ni ne na yi kuskure, ta yafe min. Da bakina na faɗa, Maman yara, kuma ga ni ban mutu ba.

Dariya ta fara yi, ta yi ta yi har ta zauna daɓas a cikin laka, daga nan abin ya juye ya zama kuka. Da ta natsu ta ba ni labarin da ke kin sani ni ban sani ba. Wai tana shekara takwas, in kina kicin sai ta shiga sito ta buɗe kundin da na bari a hutun da na zo, ta ɗora fensir a farkon kogin ta bi shi lanƙwasa-lanƙwasa har ɗakin da ta shafa wa kala, ta ce ta je wurin Baba. Kullum sai ta je. Da ta zo zana ƙasarta bayan shekara ashirin, hannunta ne ya ja layin da kansa, ba ta tuna daga inda ya samo shi ba.

Ni a zatona a waɗancan shekarun yara ba su san ma ba na nan ba, tunda kina nan. Ina can ina ƙirga matakala, ashe akwai mai biyo ni ta takarda kowace rana. Kunya da daɗi suka haɗu suka rufe ni. Sai na tashi na je na kashe famfo.

Da la'asar muka zauna kan sauran alamomi shidan, kuma kada ki ɗauka na sha da sauƙi, yarinyar da ba ta musu ta koyi musu a yini ɗaya. Dajin ta yarda ta dawo da shi fuskar teku, ta ce hakan ma ya fi, don yanzu ta san abin da ya sa filin gabas yake fama da fari. Kogin da ya rabu uku muka juya masa kai, ya zama rafuka uku da suka haɗu. Tafki mai baki biyu ta ce ba ta taɓa shi, don sarakuna biyu ne ke rigima a kansa. Na ce to bakin ɗaya ya zama na Allah, ɗayan mutane ne suka haƙa. Ta yi tsalle ta ce ai ga dalilin rigimar nan ta samu. Biyu ƙanana ne, magogi ya gama da su.

Na ƙarshen wani marmaro ne da ta sa a kan ƙololuwar dutsen da ya fi kowanne tsayi. Na yi mata bayani cewa marmaro ruwan da ya sauka a sama da shi ne yake fitowa ta ƙasa, a ƙololuwa kuwa ba abin da ke sama sai sararin Allah. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta gane, amma a nan awakinta suke shan ruwa, kuma yana nan daram. Na bar mata shi. Yau da safe da hannuna na zana shi, har na yi masa 'yan ɗigo-ɗigon feshi.

Shukokinki biyu na kusa da bulo sun sha ruwa fiye da ƙima. Ina sa ran za su farfaɗo kafin ki dawo.

Ki gaida kowa da kowa. Auta tana gaishe ki, ta ce ta san aikinki ne.

Naki har kullum,
Injiniya

Laraba, dab da isha'i

Zuwa ga Maman yara,

Sallama, da fatan kin wuni lafiya, ke da 'ya'yanki da jikanki. Direba ya ce ranar Asabar zai taho da ke. Na ce masa ya tuƙa a hankali, kayan da zai ɗauko ba su da madadi.

Littafi ya tafi. Kwana uku na yi ina zana taswirar da tawada, ita kuma tana gyara wuraren da dajin da tafkin suka taɓa a cikin labarin. Jiya muka kai aka ɗauki hoton zanen, ta haɗa da rubutun, ta juyo min da na'urar ta ce ni zan danna. Na danna. Yau da rana suka amsa cewa ya iso, saura kwana shida a wa'adinsu, wai kuma taswirar ta burge su. Na ce ta sake karanta min wannan layin, kunnena bai ji da kyau ba. Ta ce na ji sarai.

Ina zaton an gama ke nan, har na fara tunanin yadda zan kwashe yashin. Ɗazu bayan la'asar sai ga ta da wata babbar takarda, ta shimfiɗa a tebur. Ƙasar da ke hayin teku ce, wai ta littafi na biyu. Duwatsu ne kawai a jiki, da bakin teku, da kibiya mai nuna inda iska ke fitowa. Ba kogi ko ɗaya, ba tafki, ba rafi. Ta ajiye fensir a gabana, ta ja kujera ta zauna, ta ce in nuna mata inda ruwa zai bi.

Maman yara, kallo ɗaya na yi na ga komai. Na ga inda ruwan zai rabu, na ga kwarin da zai tara shi, na ga inda zai faɗa teku. Minti goma sun ishe ni. Na ɗauki fensirin, har na kai bakinsa kan takarda, sai na ajiye. Na tambaye ta su wane ne suke zaune a ƙasar, me suke gudu, me kuma suke nema. Ta dube ni, ta gyara zama ta fara ba ni labari.

Har rana ta faɗi ban ja layi ko ɗaya ba, kuma ban taɓa yin aikin da ya yi min daɗi kamar na yau ba.

Ki taho lafiya, akwai kujera ta uku.

Mijinki da ke jiran ki,
Injiniya